Gyaran tsofaffin gidaje: ina sassaucin haraji zai faɗa?

Ran Talata 3 ga watan Satumba na shekara ta 2024, bayan ruwan sama mai yawa, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya rushe. Masallaci ne na ƙasa wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, kuma in an ɗauke na Agadas, babu masallacin da baƙi suka fi zuwa gani a ƙasar nan kamarsa. Damanar wannan shekara ta yi ɓarna ko'ina cikin Nijar. Lissafin da hukuma ta bayar ya nuna kusan mutum 400 sun rasu, fiye da miliyan ɗaya da rabi bala'in ya shafa, gidaje dubbai sun faɗi, yawancinsu na ƙasa.

Cikin watan Oktoba na wannan shekara gwamnati ta rage kuɗin siminti, ta tsai da ton guda a kan jaka 55 na sefa a Yamai, ta kuma sassauta wa masu sarrafa shi haraji domin ragin ya yiwu. Jama'a sun yi marhabin da wannan mataki, don wanda ɗakinsa ya faɗi yana bukatar inda zai sa iyalinsa kafin wata damana. Amma matakin ya koyar da wani abu kuma, wato hukuma tana iya amfani da haraji ta karkata hannun mai gini zuwa inda take so.

A unguwa irin Dar es Salam ta birnin Yamai, inda yawancin gidaje na siminti ne, kuma ba a rasa mai ɗora bene ko mai ƙara shago a bakin hanya, kowane mai gini ya san amfanin wannan ragi. A Birnin Damagaram da tsohon garin Agadas kuwa, darajar gida tana ga kasancewarsa na ƙasa, saboda haka arahar siminti ba ta gyara katanga. Sau da yawa ma takan ƙarfafa wa mai gida zuciya ya rushe na kakanni ya zuba sabo. Shi ya sa ya kamata a tambaya: tun da an yi wa siminti sassauci, ba a iya yi wa mai riƙon tsohon gida makamancinsa? Wasu ƙasashe sun daɗe suna yi. Sai dai fa sassaucin haraji kyauta ce wadda ba ta isa sai ga wanda dama yake biya, kuma nan ne maganar take da wuya a Nijar.

Dukiyar da ke cikin haɗari

A watan Yuni na shekara ta 2013, a taron da aka yi a ƙasar Kambodiya, hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin jerin kayan tarihi na duniya. Kafin nan Nijar tana da wurare biyu a jerin, Ayar da Tenere tun 1991, da gandun dajin W tun 1996, amma dukkansu na halitta ne. Agadas shi ne na farko da aka karɓa saboda aikin hannun mutane. Garin ya kafu a ƙarni na 15 da na 16, lokacin da sarautar Ayar ta zauna a wurin, kuma har yau yana rabe cikin unguwanni 11 bisa yadda zangon ƙabilu ya kasance tun asali. Hasumiyar babban masallaci, mai tsawon mita 27, ita ce mafi tsawo a duniya cikin waɗanda aka gina da ƙasa zalla. An fara masallacin wajen 1515, aka sabunta shi a 1844. Akwai fadar Sarkin Ayar, akwai gidan da matafiyin nan Bajamushe, Hainrik Bart, ya sauka a 1850, akwai gidan mai burodi da adon cikinsa.

Amma abin da UNESCO ta karɓa ya wuce waɗannan ƴan gine-gine da ake ɗauka hoto. Fili ne na kusan hekta 78, cike da gidajen da mutane ke kwana suna tashi a ciki, da lunguna da zauruka. In gidajen nan suka zama na siminti ɗaya bayan ɗaya, hasumiyar za ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar garin da bai yi kama da ita ba.

Haka maganar take a Damagaram. Birni da fadar Sarki sun bunƙasa a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya ƙarfafa ganuwar garin a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, kuma garin ya zama fadar mulkin ƙasar daga 1911 har 1926, lokacin da aka maida hedkwata Yamai. Tun 2006 sunan Birni yana cikin jerin wuraren da Nijar ke nema wa shiga lissafin UNESCO. Zanen da ke fuskar gidajensa, da zankwaye, da bakan gizo na cikin soraye, su ne hujjar wannan nema, kuma kowace damana tana rage su.

Yamai ita ma tana da nata rabo. Tsofaffin unguwanni irin Maurai, Kallai da Zango suna tsakiyar gari, inda fili ya fi tsada, saboda haka gidan ƙasa a wurin yana fuskantar mai saye kafin ruwa ya same shi. Wajen shekara ta 1980 aka tashi tsohuwar unguwar Gawai ta bakin kogi domin a gina otel da zauren taro, yanzu sunan kawai ya rage.

Doka ba ta rasa ba. Akwai doka mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga watan Yuni 1997, wadda ta tanadi kariya da adanar kayan tarihi na ƙasa. A Agadas akwai ofishi na musamman, CECOGAZ, mai lura da tsohon gari, kuma akwai ƙa'idojin gini da suka hana mai gida ya sauya fuskar gidansa yadda ya ga dama. To amma hani ba ya biyan magini. Mai gida yana ganin an ɗora masa nauyin dukiyar duniya baki ɗaya, aljihunsa kuwa ɗaya ne.

Abin da ke kashe gidan ƙasa

Gidan ƙasa ba ya faɗuwa dare ɗaya. Muddin ana yi masa yaɓe a kan kari, ana share indararo, ana duba azara, yana iya wuce shekara ɗari yana tsaye. Magina sun san makuba, wadda ake haɗawa da ɓawon ɗorawa, sun san laso, sun san yadda ake karkata rufi ruwa ya sauka nesa da tushe. Aikin shekara ba shi da tsada ƙwarai. Abin da ke da tsada shi ne aikin da aka bari shekara biyar ko goma, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka.

Dalilai huɗu ne suka fi jawo wannan bari. Na farko gado. Gidan da mutum ɗaya ya gina, bayan ɗiya da jikoki ya zama na mutum ashirin ko talatin, wasu suna Yamai, wasu suna Kano ko Libiya. Wanda ke zaune a ciki ba ya son kashe kuɗinsa a kan abin da ba nasa shi kaɗai ba, waɗanda ke nesa kuwa ba ruwan da ke zubo musu.

Na biyu siminti. Bangon ƙasa yana shan danshi yana fitar da shi kamar yadda randa take yi. In aka shafe shi da siminti, danshin da ke tasowa daga tushe ya rasa mafita, ƙasar ta yi laushi a ɓoye, wata rana shafen ya ɓamɓare ya taho da rabin bango. Mai gida ya biya kuɗi da niyyar kariya, ashe ya sayi rushewa.

Na uku ruwan titi. Inda aka ɗaga hanya ba a yi mata magudana ba, ruwan da can yake wucewa yanzu yana kwana a gindin katanga. Mutanen Agadas ba su manta da ambaliyar farkon Satumba 2009 ba, lokacin da ƙoramar Telwa ta fasa ta cinye dubban gidaje.

Na huɗu talauci da raini. A da jiragen sama suna kawo ƴan yawon buɗe ido daga Faransa kai tsaye zuwa Agadas, maƙera da dukawa da masu masauki suna samu, wani abu yana komawa ga bango. Tawayen 2007 da satar mutane a Arlit a 2010 sun yanke wannan hanya. Bugu da ƙari, tun zamanin Turawa takardun hukuma suka saba kiran siminti da kwano kayan gini na dindindin, ƙasa kuwa ta wucin gadi, har ya zama wanda ke neman cikakkiyar takardar mallakar fili ana so ya nuna ya raya shi da kayan dindindin. Yaro da ya tashi yana jin haka ba zai so koyon aikin tubali ba, alhali a 1986 wani magini na ƙasar Tawa, Falke Barmu, ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gini da masallacin ƙasa na garin Yama.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

A Faransa, Andre Malro, ministan al'adu na zamanin Janar Digol, shi ya kawo dokar ranar 4 ga watan Agusta 1962, wadda ta ba da ikon a kare unguwa ɗungum maimakon gini ɗai-ɗai. Tsohon garin Liyon shi aka fara karewa a 1964. Daga baya aka haɗa dokar da sassaucin haraji. Bisa tsarin da aka kafa a 2017, wanda ya gyara gida gaba ɗaya cikin unguwar da aka kare, ƙarƙashin idon ma'aikacin gine-gine na hukuma, ana cire masa kashi 22 ko 30 bisa ɗari na abin da ya kashe daga harajin samunsa. Kuɗin aikin da ake lissafawa ba ya wuce Yuro 400,000 cikin shekara huɗu, wato kimanin miliyan 262 na sefa, saboda haka ragin yana iya kaiwa kusan miliyan 79. Sharaɗi shi ne ya ba da gidan haya shekara 9.

A Amurka, jihar Kalifoniya ta kafa dokar Mils a 1972, kuma ita ce ta fi kusa da abin da ake nufi da sassaucin harajin gida. Mai gidan tarihi yana ƙulla yarjejeniya ta shekara 10 da hukumar garinsa, wadda ke sabunta kanta kowace shekara. Shi ya ɗauki alkawarin gyara da kulawa bisa ƙa'ida, hukuma kuwa ta sake lissafin darajar gidan, ta auna shi da abin da zai kawo in an ba da shi haya maimakon kuɗin da zai yi a kasuwa, harajin ya sauka ƙwarai. Ana zuwa dubawa lokaci-lokaci. In an sayar da gidan, alkawarin yana bin sa zuwa ga sabon mai shi. In mai gida ya saɓa har aka soke yarjejeniyar, sai ya biya tarar kashi 12 da rabi bisa ɗari na darajar gidan. Ita kuwa gwamnatin tarayyar Amurka, tun 1986 tana mayar da kashi 20 bisa ɗari na kuɗin gyara, amma ga ginin da ke kawo kuɗi kaɗai, ban da gidan da mutum ke zaune a ciki.

Ingila ta nuna yadda haraji ke iya yin akasin haka. Can sabon gida ba ya biyan harajin TVA, gyaran tsoho kuwa yana biyan kashi 20 bisa ɗari, kuma a 2012 aka soke ɗan rangwamen da ake yi wa wasu ayyuka a gidajen tarihi. Masu kare tsofaffin gine-gine sun daɗe suna kukan cewa tsarin yana saka wa mai rushewa, yana cin mai gyara.

Waɗannan dokoki sun ceci unguwanni da yawa, amma suna da aibi guda wanda masu su ma ba su musu. Wanda harajinsa ya fi yawa shi ke samun ragi mafi yawa. A unguwar Mare ta birnin Paris, gidaje sun gyaru, haya ta hau, ƙananan masu sana'a da talakawan da suka riƙe unguwar lokacin da ba wanda ke so suka tashi. A Kalifoniya ma an yi ƙorafin cewa unguwannin masu hali suka fi cin moriyar dokar, har wasu garuruwa suka sa iyaka ga kuɗin da za su yafe kowace shekara.

Kayan aro ba ya rufe katara

A Faransa, Ingila da Amurka, harajin gidaje da filaye yana kai kashi 2 zuwa 3 bisa ɗari na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara. Kowane gida yana da lamba, yana da takarda, an san mai shi, an san darajarsa. A yawancin ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara wannan haraji bai kai rabin kashi ɗaya ba. A Nijar, kundin haraji na 2012 ya fi auna gidajen haya, da wuraren sana'a, da gine-ginen kamfanoni, gidan da magidanci ke zaune da iyalinsa kuwa aka ɗauke masa.

Ke nan a duba wanda ke riƙe da tsohon gida a Birni ko a Agadas. Sau da yawa tsohuwa ce da jikoki, ko malamin allo, ko ɗan ƙaramin mai sana'a. Gidan ba haya yake ba, takardarsa shaidar mai unguwa da maƙwabta ce, sunansa ba ya cikin littafin ma'aikatar haraji. In aka ce masa an yafe masa harajin gida shekara goma, an yafe masa abin da dama ba ya biya. Ba zai sayi azara ko ɗaya da wannan alheri ba.

Wanda zai amfana da dokar da aka kwafo daga Paris ko Kalifoniya shi ne attajirin da ke da gidajen haya da shaguna, wanda ke da takardu da mai yi masa lissafi. Shi ne zai iya sayen tsohon gida da araha daga hannun magada masu gardama, ya gyara, ya cire kuɗin daga harajinsa. Bangon zai tsira, amma iyalin da suka zauna a ciki tun zamanin Tanimun za su koma bayan gari. Garin da mutanensa suka tashi ya zama abin kallo, ya daina zama gari.

Akwai kuma wanda zai ce a fara ɗora haraji a kan kowane gida, sannan a yafe wa masu gyara. Wannan hanya tana da haɗari. Dattijai suna tuna lampo na kai, da yadda talakawa suka yi murna lokacin da gwamnatin Seini Kunce ta soke shi a ƙarshen shekarun 1970. Matasa kuwa suna tuna zanga-zangar da ta soma a Yamai a ƙarshen Oktoba 2017 a kan dokar kasafin kuɗi ta 2018, wadda ta kawo harajin mazauni. In sa gida cikin jerin tarihi ya zama ƙofar da mai karɓar haraji zai shigo, kowa zai ɓoye tarihin gidansa.

Inda sassauci zai yi amfani

Tun da harajin ba ya kan mazaunin gidan, sai a nemi inda yake a kan hanyar gyara, a sassauta shi can.

Aikin farko ƙidaya ne. A bi gida gida, tare da mai unguwa da sarkin magina, a rubuta wane ne ya cancanci kariya, wane hali yake ciki, su wa ke da haƙƙi a kansa. In babu wannan jeri, duk mai katangar ƙasa zai ce tasa ta tarihi ce, kuma wanda ya fi sanin hanyar ofis shi zai riga kowa.

Na biyu takarda. Magada da suka yarda su naɗa wakili ɗaya, suka sa hannu ba za su rushe gida ba, a yafe musu kuɗin rajista da na tambur da na awon fili, a ba su takardar mallaka wadda ta amince gidan ƙasa gida ne cikakke. Wannan ita ce kyautar da talaka zai ji a jikinsa, domin takarda tana kashe gardamar gado, kuma baitulmali ba ta yi hasarar kome ba, tun da kuɗin dama ba shigowa suke ba.

Na uku, ga waɗanda suke biyan haraji da gaske, wato masu gidan haya, masu shago, masu masaukin baƙi cikin tsohon gari, dabarar Kalifoniya tana iya aiki. A ƙulla yarjejeniya ta shekara goma a gaban fada da ma'aikatar magajin gari. A rage haraji gwargwadon aikin da aka gani da ido bayan an gama shi, ba gwargwadon alkawari ba. Alkawarin ya bi gida in an sayar. Kuma a sa sharaɗin cewa ba za a kori ƴan hayan da ke ciki ba, don kada a maimaita abin da ya faru a Mare.

Na huɗu magina da kayan aiki. Maginin ƙasa da ya yi rajista, yake koyar da yara biyu ko uku, a ɗauke masa patanti. Azarar da za a yi aikin gidan da ke cikin jeri, a sassauta mata kuɗin izini, amma bisa lissafin ma'aikatan gandun daji, domin giginyar ƙasar Gaya da goribar Ayar su ma ba su da yawa, kuma duk wadda aka sare sai a dasa madadinta.

Na biyar, kuma shi ne ginshiƙi, asusun gyara ga waɗanda ba su biyan kome. Asusun yana iya samun kuɗi ta hanya biyu. Ɗaya, a ware masa ɗan kaso daga harajin gidaje da ake riga ana karɓa, ba tare da an ƙara wa kowa ko dala ba. Biyu, kamfanin da ya zuba kuɗi a ciki a cire masa wani kashi daga harajin ribarsa, kamar yadda dokar Faransa ta 2003 ta yarda a mayar wa kamfani kashi 60 bisa ɗari na irin wannan kyauta. Bankuna, kamfanonin waya, masu haƙar ma'adinai a Ayar, da matatar man da ke kusa da Damagaram, duk suna cikin littafin haraji. Asusun kada ya ba da tsabar kuɗi a hannu. Ya biya ladan magini da azara, iyalin gida su kawo ƙasa da ruwa da ƙarfinsu, kamar yadda samariya take gina azuzuwan lakkal da gayya a shekarun 1970 da 1980.

Ta haka harajin da mai gidan haya ya biya a Dar es Salam zai iya zama yaɓe a bangon wata tsohuwa a Birni. Mai biyan yana da haƙƙin ya san inda kuɗinsa suka shiga, saboda haka wajibi ne kowace shekara a buga jerin gidajen da aka gyara da abin da kowanne ya ci.

Abin da masu ja za su ce

Ma'aikatar kuɗi za ta ce lokaci bai yi ba. Ƙasa tana fama da matsalar tsaro, ta sha takunkumi daga 2023 zuwa farkon 2024, kuma kowane sassauci rami ne cikin kasafi. Wannan gaskiya ne. Amsarsa ita ce a sa iyaka ga abin da za a yafe a shekara, a fara da unguwa ɗaya a Agadas da ɗaya a Damagaram, a duba sakamako bayan shekara uku. A kuma tuna cewa kuɗin yaɓe ba ya fita ƙasa. Ƙasar ta wurin ce, maginin na wurin ne, mai amalanke da mai ruwa ƴan unguwa ne. An ga yadda aka zuba kuɗi mai yawa lokaci guda domin bikin 18 ga Disamba, Agadas Sokni a 2016 da Zinder Sabuwa a 2018. Gidan ƙasa ya fi bukatar kaɗan-kaɗan kowace shekara.

Wasu za su ce a bar wa ƙasashen waje. Garin Janne na ƙasar Mali ya gwada. Ya shiga jerin UNESCO a 1988, kuma daga 1996 zuwa 2003 ƙasar Holan ta biya gyaran kusan gida 100 ta hannun maginan garin. Aikin ya yi kyau, amma da kuɗin suka ƙare yaɓen shekara ya koma wuyan masu gida, kuma a 2016 aka sa garin cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari. Taimakon waje yana tada bango, riƙonsa kuwa sai na gida.

Mazauna gidajen su ma suna da tasu magana, kuma ita ce ta fi nauyi. Mutanen Janne sun yi kukan an hana su gyara cikin ɗakunansu domin baƙi su sami abin kallo. Babu wanda zai yarda ya zauna ba famfo, ba wuta, ba makewayi mai tsabta, don kawai kakansa ya zauna haka. Yarjejeniya ta tsaya a kan fuskar gida, da tsayinsa, da kayan gininsa. Abin da ya shafi jin daɗin cikin gida a bar mai shi ya yi, a ma taimake shi, muddin bututun ruwa ba zai jiƙa tushe ba. Maginan zamani na ƙasar nan sun riga sun nuna ana iya haɗa ƙasa da zamani, kamar gidajen Yamai 2000 da aka gama a 2016, da masallaci da ɗakin karatu na Dandaji a 2018, waɗanda Mariam Isufu Kamara da abokan aikinta suka tsara da tubalin ƙasa da aka matse.

Ita kuwa ma'aikatar magajin gari tana da nata alkawari cikin yarjejeniyar. Ba adalci ba ne a ci mai gida tara don bangonsa ya tsage, alhali ruwan titin hukuma ne ya kwana a gindinsa.

Dokar kasafin kuɗi ana shirya ta ne a ƙarshen shekara, yaɓe kuwa da rani ake yin sa, kafin ruwan fari ya sauka. Layi kaɗan cikin wannan doka sun isa magina su hau bango a watan Maris da Afrilu. In aka bari har hadari ya haɗu, sai dai a sake fitowa da lissafin abin da ya faɗi. Allah ya ba shugabanni da talakawa ikon riƙe abin da suka gada.